Ko har yanzu akwai gyartai? Ƙwaryar Innarmu ta tsage

Ɗan Jakara ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ke tafe da ni, amma ku yi mini haƙuri in ɗan yi shimfiɗa tukuna, don ku san abin da ya sa ta dame ni.

Bara da azumi Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku. Bayan arba'in muka taru a gidanmu na cikin birnin Kano aka fito da kayan ɗakinta. Aka raba zannuwa, aka raba kwanuka, aka raba 'yan kunne. A can ƙuryar ɗaki, a kan ragaya, akwai ƙwaryar da take dama wa Baba fura tun muna yara. Babu wanda ya ko kalle ta. Da aka zo share ɗaki sai na ga an ɗora ta a kan tarkacen da za a fitar. Na ɗauke ta na naɗe a cikin rawanina na taho da ita Kaduna.

Ƙwaryar ta yi ja kamar zuma saboda shekaru da maiƙon nono. Ta gefe guda bakinta ya siɗe, daidai inda ludayi ke gogawa. Ɗinki uku ne a jikinta. Na farkon ni na jawo shi. Ina gudu da gare na faɗo tsakar gida na yi karo da Inna tana ɗauke da ita, kuma ba zan manta shekarar ba, don ita ce shekarar da aka canja kuɗi, 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Na biyun akuyar maƙwabta ce ta taka ta. Na ukun har Inna ta rasu ban tambaye ta ba.

Makon jiya jikana ya janyo ta daga kan kanta, tsohon ɗinkin nan na farko ya buɗe, tsagar ta ƙaru ta kai kusan taƙi guda. Na zaga kasuwa ina cigiyar gyartai. Yaran da na tambaya wasu ba su taɓa jin kalmar ba. Wani ya ce in sa mata gam, wani ya ce, "Baba, ga roba nan kala-kala, ka zaɓi wadda ta yi maka."

Ga waɗanda ba su riski gyartai ba: mutum ne mai yawo unguwa-unguwa da 'yar jakar fata a kafaɗa, yana kira "Gyartai! Gyartai!" Mata na jin muryarsa sai a fara turo yara da fasassun ƙorai. Namu wani dattijo ne siriri, a zauren gidanmu yake zama ya miƙe ƙafa ɗaya. Zai ɗora ƙwaryar a cinya, ya haɗa bakin tsagar ya duba ta a haske, sannan ya ɗauki basilla ya bi gefe da gefe yana hudawa, huda kusa da huda, ba ya gaggawa. Siraran kabar da zai yi ɗinkin da su a bakinsa yake riƙe su don su yi laushi. In ya gama sai ya ce a kawo ruwa a moɗa, ya zuba a ciki, ya ɗaga ta sama mu duka mu leƙa ƙarƙashi. In ɗigo ya fito ya sake bi. Ranar da ya ɗinke wadda na fasa, Inna ta aiko masa da sisi da ludayin fura biyu a kwanon sha. Kwabo biyar ce sabuwa fil, amma har ta rasu sisi take ce mata, kwabo goma kuma sule.

Tun da abin nan ya faru nake ta tuno gidanmu na wancan lokaci, na kuwa rasa abu guda da muke amfani da shi sau ɗaya mu yar. In aka aike ka sayen ƙosai da kwanonka za ka tafi. Man gyaɗa akwai kwalbarsa, da toton masara aka toshe bakinta, kananzir ma akwai tasa, kuma kaiton yaron da ya haɗa su wuri ɗaya. Kwalbar lemo sai ka mayar wa mai kanti. Gwangwanin madara in ya ƙare ya zama ma'aunin gishiri, ko a kai wa maƙeri ya mai da shi aci-balbal, in ya tsufa kuma mu yara mu fafe shi mu yi motar langa-langa. Zanen Inna in ya koɗe ya zama majanyi, daga majanyi ya koma tsumman goge ƙwan fitila. Wannan aikina ne kullum bayan la'asar: in cire ƙwan a hankali, in goge baƙin hayaƙin da toka, in datse lagwani, in zuba kananzir, kafin a kira magariba fitilu uku suna jere a bakin rijiya. Rediyon Baba kuwa ya fi shekara ashirin yana kama masa Kaduna da BBC. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana a kan katanga, in rediyon ya shaƙe a kai wa mai gyara a bakin kasuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bola. Bolar unguwarmu toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da shara. Da rani manoman ƙauyukan da ke kewaye da birni sukan shigo da jakuna ɗauke da itace, in sun sayar su cika mangala da takin bolar nan su koma da shi gona. Abin da muka zubar shi ke komowa gero da dawa. Yau je ka dubi rafin Jakara ka ga abin da ke kwance a ciki.

Ina da firji a gida, ina da waya, da ita ma nake rubuta wannan. Amma na duba ɗakin matata na ga babu abu ɗaya da jikokinmu za su ɗaga wata rana su ce wannan na Kaka ne, ga inda hannunta ya siɗe shi. Komai sabo ne, komai kuma na jiran ranar da za a yar da shi.

To tambayata: don Allah akwai wanda ya san inda gyartai ya rage, a Kano ko Zariya ko wani ƙauye? Ko nawa ne kuɗin mota zan je.

'Yar Maraɗi ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙurin rashi.

Kar ka nema a kasuwar birni. Ka bi matan Fulani masu tallar nono, su ne har gobe ba su rabu da ƙwarya ba, kuma ba sa yar da tasu don ta tsage. In ka samu wata dattijuwa a cikinsu ka nuna mata, ko dai ta san mai ɗinki a kasuwar ƙauyensu, ko ita da kanta ta iya. Nan wajenmu ranar kasuwa in ka je layin masu ƙorai da ludduna ba ka rasa tsoho ɗaya da basilla a hannu. Kar ka yarda da gam. Ƙwarya tana shan ruwa tana bushewa, tana motsi, gam kuwa ba ya motsi, wani wurin zai sa ta sake tsagewa. Kafin ka samu mai gyara ka nisanta ta da rana da iskar hunturu.

Ka tuna mini da jeren ɗakin uwata. Ƙorai farare tas an yi musu zane, an jera su manya a ƙasa ƙanana a sama, sai tasoshi da kwanonin langa masu furanni. Duk ranar Alhamis sai mun sauke su mun wanke mun mayar, kowanne da mazauninsa. Ta san wadda gwaggonta ta ba ta, ta san wadda aka saya da kuɗin saƙar faifanta, dala-dala ta tara. Da za a kai ni ɗaki ta zare uku daga ciki ta ba ni, ta ce ƙwarya tagari tana ragaya. Biyu na nan har yau.

Zancen leda kuwa, mu nan Nijar tun 2014 aka yi dokar hana ta, amma fito bayan gari ka ga itatuwan ƙaya, baƙar leda ce maƙale a kowane reshe kamar jemagu.

Hajiya Mai Allura ta amsa:

Malam Ɗan Jakara, Allah ya gafarta wa Inna. Na karanta rubutunka har idona ya kawo ruwa, don ƙwaryar tamu uwar ma haka take. Amma ka ba ni dama in faɗi wani abu, ni na girme ka da kaɗan, kuma a ƙauye na tashi.

Kai furar ka sha. Kafin ta iso ƙwaryar nan, wata ta tashi tun assalatu ta sussuka geron, ta sheƙe, ta surfa, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe, ta cura, ta dafa, ta sake kirɓawa a turmi. Kullum ta Allah, ba Juma'a ba Sallah. Ina da shekara tara aka miƙa mini taɓarya. Har yau in na buɗe tafin hannuna ana ganin kanta. Ranar da aka kawo injin niƙa garinmu mata guɗa suka yi, wata tsohuwa har da rawa a gaban injin. Rijiyarmu gaba ashirin ce, in rani ya yi nisa ta ƙafe mu koma tafki. Uwata ta makance da wuri, kuma ban raba ɗaya biyu hayaƙin murhu na cikin abin da ya ci idonta.

Ruwan tafkin nan a randa muke zuba shi, randa mai sanyi da ƙamshin ƙasa da kowa ke yabo yanzu. A cikinsa kurkunu yake. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Ƙafa ta kumbura ta yi raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, sannan farin zare ya leƙo. A samu tsinke a naɗe kansa, kullum a murza kaɗan, in ka ja da ƙarfi ya tsinke a ciki ka shiga uku. Sai ya yi wata guda ko fiye yana fita. Kuma da damina yake kwantar da mutane, daidai lokacin noma. Akwai shekarar da Babanmu da yayyena biyu duk suna kwance, mu mata muka yi noman. Da aka yi ƙidaya a 1988 an samu masu kurkunu sama da dubu 650 a Nijeriya. Sai da aka bi ƙauye-ƙauye da ƙyallen tace ruwa da rijiyoyin burtsatse, su Jimmy Carter da Janar Gowon suna yawo a kai, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi.

Na yi aikin asibiti shekara talatin da biyar. Da na fara, sirinjin gilashi muke da shi, a yi wa wannan allura, a tafasa, a yi wa na gaba. In allurar ta dakushe a wasa ta. Ran da marasa lafiya suka yi yawa, ko kananzir ɗin risho ya ƙare, Allah kaɗai ya san abin da muka raba wa mutane da hannunmu. Yau kowa da nasa sirinjin, a fasa leda a gabanka, a yi maka, a jefar. Wannan yarwar ni ina gode wa Allah da ita.

Ƙannena biyu ƙyanda ta ɗauke a mako guda. Inna tana daka tana kuka.

Ban faɗi wannan don in rage maka ƙaunar ƙwaryarka ba, ɗan'uwana. Ka gyara ta, ka adana ta. Amma in ka ɗaga ta ka nuna wa jikokinka, bayan labarin gyartai ka ba su labarin hannun da ya yi shekara hamsin yana daka abin da aka dama a ciki.

Sarkin Fawan Unguwa ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya saka. Ni kuma ga abin da nake gani da idona a mahauta.

Na gaji fawa wajen mahaifina. Lokacin da nake yaron shago, in mutum ya sayi nama sai a huda shi a zura kaba a ƙulla, ya rataya a yatsa ko a ƙahon keke ya tafi. Masu hali su aiko yaro da kwano mai murfi. Tsire da balangu a takardar buhun siminti ake naɗewa. Yanzu mai sayen nama na ɗari biyar sai ya ce a ninka masa leda biyu.

Ledar nan ina sake haɗuwa da ita a cikin tumbi. Za a kawo maka akuya ko saniya ta rame, ƙashin baya a waje, amma ciki ƙato, mai ita ya ce yana ba ta dusa da harawa ba ta ƙiba. Kana farka tumbin sai ka tarar da dunƙule baƙi ƙirin, leda da igiyar buhu da ledar fiya wata sun murɗe sun zama kamar dutse. Na taɓa ciro wanda sai da na sa hannu biyu na ɗaga shi. Dabbar da ke yawo a gari tana lasar gishiri da maiƙon da ke jikin ledar ne ta haɗiye. Yawancin masu irin waɗannan awakin kuwa mata ne, zawarawa da tsofaffi, akuyar ita ce asusunsu. A zamanin mahaifina ban taɓa ganin an ciro irin wannan ba ko sau ɗaya.

Malam, in ka shigo Kano ka gwada kasuwannin ƙauye na ranar mako, can nake ganin masu ƙorai in na je sayen dabbobi.

Auta Mai Gyaran Waya ya amsa:

Salamu alaikum iyayena. Ni yaro ne a cikinku, a 2001 aka haife ni, shekarar da wayar GSM ta shigo Nijeriya, don haka ban ga ko ɗaya daga abin da kuke faɗa ba. Yau na fara jin kalmar gyartai. Na karanta wa abokan aikina a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, muka ce ashe sunanmu ke nan.

Baba Ɗan Jakara, yadda kuka kwatanta tsohon nan yana ɗaga ƙwarya a haske, haka nake ɗaga allon waya a ƙarƙashin fitila ina neman inda layi ya yanke. Sai dai aikin namu kullum ƙara wuya yake. Wayoyin da na koyi gyara da su ana buɗe bayansu da farce a canja batir. Na yanzu a manne suke da gam, sai an gasa su da zafi kafin su buɗu, wani lokacin garin buɗewa gilashin ya fashe. Sau da yawa kuɗin gilashi ya kusa kuɗin wata wayar, sai mai ita ya ce bar shi kawai. Ƙarƙashin teburina akwai kwali cike da matattun wayoyi, 'yan gwangwan ke zuwa su saya a kilo.

Amma akwai masu zuwa irinku. Wata uwa ta kawo mini tsohuwar waya da ta faɗa ruwa, na ce mata gyaran ya fi kuɗinta. Ta ce muryar ɗanta da ya rasu na ciki. Kwana uku na yi a kanta har ta kawo wuta.

Kakata tana wani ƙauye ta wajen Bichi, har yanzu a ƙwarya take shan fura. Zan kira ƙanin babana da daddare ya tambaye ta wa ke yi mata ɗinki. In an dace zan rubuto muku nan.

Ɗan Jakara ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

'Yar Maraɗi, na bi shawararki tun jiya. Na sauke ta daga kanta na naɗe a zane na sa a cikin akwati. Da safe kuma na tare wata dattijuwa mai nono da ke bi ta layinmu na nuna mata. Ta juya ta, ta shafa ɗinkin da babban yatsa, ta ce wannan aikin masu hannu ne, irinsa ya yi wuya yanzu. Ta ce akwai wani tsoho da ke zuwa kasuwarsu, amma tun bayan Sallah ba ta gan shi ba, za ta tambaya.

Yaya Hajiya, maganarki ta hana ni barci. Gaskiya ne, ni daga zaure na ga zamanin nan, ke daga gindin turmi. Da na zauna ina tunani sai na tuno sautin da ke tashe ni kullum da asuba, ashe taɓaryar Inna ce, ni kuwa ina kwance cikin bargo ina jin daɗin lugudenta. Na tuno tana jiƙa hannunta a ruwan ɗumi da daddare tana matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Mu ma an yi mana rashin ƙanwa tana goye, sai yanzu nake lissafin cewa washegari ma Inna ta dama wa Baba fura a ƙwaryar nan. Na kira babbar yayarmu na tambaye ta ɗinki na uku. Ta yi shiru, sannan ta ce a makon rasuwar yarinyar ne ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Inna a bakin rijiya. Shekara hamsin ban sani ba.

Sarkin Fawa, Allah ya kyauta. Na gaya wa mai ɗakina daga yau yaro da kwano zai riƙa zuwa sayen ƙosai da waina.

Auta, Allah ya yi maka albarka, ya albarkaci hannunka. Ka gaishe mini da Kaka. In ta ce mutumin na nan da rai, ka tambayar mini ranar da kasuwarsu ke ci, da kuma ko yana karɓar aiki a gida. Ranar Asabar ina Kano in sha Allahu, zan taho da ƙwaryar, da jikan nawa da ya fasa ta, ina so ya zauna kusa da tsohon ya ga yadda ake huda da basilla.